Bazazzagi, Ajiye Jan Biron Nan

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ya Tudun Wada, ya Samaru, ya ƙurar Kwangila? Labari ya iso mini cewa ka yi wa kanka naɗi ba da sanin fada ba, ka zama Sarkin Gyaran Turancin Kanawa. An ce Bakano ba ya buɗe baki a gabanka sai ka zaro jan biro daga aljihu. Babban laifinmu kuwa, wai ba mu san bambancin p da f ba, muna kiran Pepsi da "Fefsi", Fanta kuma "Panta".

To ai harshen Bahaushe bai taɓa raba waɗannan sautuka biyu ba. Da leɓɓa biyu muke furta f ɗinmu, ba ma sa haƙori, shi ya sa take fitowa a tsakani. Basakkwace ma "hwari" yake cewa inda muke cewa fari. Balarabe shi ma ba shi da p, "Bebsi" yake sha hankali kwance, kuma ban ji ka ɗauki jan bironka ka nufi Jidda ba. Ɗan Kantin Kwarin nan da kake yi wa dariya, da Fefsin nasa yake zuwa Dubai da Sin, ya yi ciniki, ya cika kwantena, ya dawo. Kai kuma da p ɗinka mai tsabta, wata na kaiwa ashirin a ƙofar shagonsa ake ganinka kana sosa ƙeya.

Amma tunda nahawu ka taɓo, gyara zama. Kai ne fa ko a Hausarka mace da namiji duk ɗaya ne. "Matana ya tafi unguwa." "Motan ya lalace." "Yarinyan nan bai ji magana." Da ka bar abin a Zazzaganci da mun ce gado ne, ba ruwanmu. Sai ka kwashe shi ɗungurungum ka kai Turanci. A wurin wata walima ka miƙe, ka gyara babbar riga, ka nuna uwargida ka ce "my wife, he is a teacher". Jama'a suka shiga waige-waige suna neman ƙaton da ka aura. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai, da alama ta saba.

Kafin wannan ma sai da ka buɗe jawabi da "my names are", kai kaɗai tsaye, kamar mutum uku ne a cikin rigar. Ka ɗauki kusan kwata kana jero manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da mai kula da janareta, sannan ka rufe da "all protocols observed". Me kuma ya rage? Ka gode wa "staffs", ka yaba da "equipments" da "furnitures", kana rabon s kamar goron ɗaurin aure. Da aka tashi, ka tsaya a bakin ƙofa kana ce wa direba ya yi "reverse back", sai ka ce akwai ribas ɗin da ake yi gaba.

Wasu maganganun naka kuma Hausa ce tsagwaronta ka sa mata kwat da nakatai. Kana fita daga ɗaki kana cewa "I am coming", wato "ina zuwa", Bature kuwa ya zuba ido yana jiran ka matso, sai ya ga ƙeyarka. Kana son aron biro ka ce "borrow me", saboda mu da kalma ɗaya muke ara mu arar, su kuwa sun raba mai karɓa da mai bayarwa. Ni waɗannan ba sa ɓata mini rai, har daɗi suke mini, don suna nuna uwar da ta haife ka. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai yin su ya zama shi ne alƙali. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Inda nake so mu daɗe shi ne Ingausarka. Wannan kam ciwo ce. "Actually, ni basically abin da nake so in yi emphasizing shi ne mu yi discussing about matsalan." A jimla ɗaya ka karya Turanci, ka karya Hausa, ka kuma mayar da matsala namiji. Ka je gaishe da gwaggo a cikin birni, tsohuwar da ba ta taɓa zama a benci ba, ka ce mata ka yi "missing" ɗinta. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗauka wata cuta ce. Kana da kewa, kana da bege, kana da marmari, duk ka tsallake su. Kuma fa a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 kake wannan ɓarna, garin da Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Ko da yake shi ma ba naku ba ne, haifaffen Kagara ne, Katsina ta rene shi, ku masauki kawai kuka bayar.

Je ka gareji ka ga yadda ake aron kalma da mutunci. Makanikai da direbobi, waɗanda ba su san ƙofar jami'a ba, su suka ba mu birki da giya da sitiyari da salansa da kafireto da sukurudireba. Sun kama kalmar Bature, sun zuba mata wasula, sun lanƙwasa ta har ta zauna daram a bakin kowa. Haka aka yi da asibiti da tebur da burodi da lauya. Kai kuma kalmar kake ɗaukowa ɗanya, ka manna mata "yi" a gaba da "ɗin" a baya, ka ce ka waye.

Na san amsarka, don ba ka da wata: Zariya birnin ilimi, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa. Ban ƙi ba, manyan makarantu ne, sun yaye gwanaye. Sai dai Barewa a Katsina aka haife ta, ta yada zango a Kaduna, sai a 1949 ta iso muku. Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa kuwa a Nasarawar Kano take, ta Ɗan Hausa, a 1909, gidansa yana nan in ka zo zan kai ka. In kuma iya zuba Turanci ake magana, wa za ka ajiye kusa da marigayi Ɗanmasanin Kano, Maitama Sule, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya? Shi da zai juya ya yi Hausa, ba ka jin ko ɗigon "actually" a ciki. Zama kusa da jami'a ba ya sa mutum ya iya, in ba haka ba da masu sayar da rake a ƙofar Samaru duk farfesoshi ne.

Ga kuma labarin da zai hana ka barci. A 2020 masu ƙamus ɗin Oxford suka shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya. A ciki har da "next tomorrow", wato jibi, wadda ka daɗe kana ja wa 'yan kasuwarmu layi a ƙarƙashinta. A ciki har da Kannywood, sunan garinmu ɓaro-ɓaro. Daga baya suya ma ta shiga. Ku wace kalma kuka kai?

Saboda haka na yanke maka tara. In watan cika-ciki ya kama, kuɗin sharar bana ninki biyu za ka biya, ɗaya na bauta, ɗaya na uwargida da ka mayar gardi a bainar jama'a. Kuma da hannu za ka kawo har Kano. Kada ka ce mini za ka yi "transferring", na san netwok ɗin Zagezagi ba ya aiki ranar biyan bashi.