Fatawar Gidan Kallo a Kan Ɗan Wasan da Aka Sayar Ya Je Ya Gyaru

A cikin mas'alolin da suka hana samarin ƙasar Gwarzo da Kabo barci a wannan zamani, waɗanda ake ɗaukowa tun daga teburin mai shayi, a bi da su ta rumfar tela, a kai su har ƙofar gidan kallon ƙwallo ba tare da an sauke ba, ban san wadda ta kai wannan tsawon rai da yawan masu fatawa ba, wato: idan ƙungiya ta sayar da ɗan wasanta, ya tafi wani gari ya zama gwani abin kwatance, shin laifi ya hau wuyanta, ko kuwa wuyanta ya kuɓuta? A garin Getso kaɗai, inda galibin alƙalan wannan shari'a tafiyarsu mafi nisa ita ce Kano idan sayayyar salla ta taso, an yanke wa shugabannin Chelsea hukunci a bayan idonsu sau shurin masaƙi, ba a taɓa aika musu da sammaci ba, su kuma, Allah Sarki, har yau ba su san an ɗaure su ba.

Zauren wannan shari'a rumfar kwano ce mai bencina jere, wadda zafinta da rana ya isa ya gasa masara, a ƙofarta an jingine baƙin allo an rubuta wasannin ranar da alli, a bayanta kuma inji yana ruri yana tari, yana jiran a zo bugun fanareti ya mutu. A nan malaman fannin suka kasu mazhaba biyu. Ta farko, wadda limaminta wani tela ne mai kaifin harshe da ya ba shekara arba'in baya, ta tafi a kan cewa duk ƙungiyar da ta saki ɗan wasa ya yi fice a wani wuri, to, jahilcinta ya tabbata da ijma'i, kuma wajibi ne a kori kocinta ko da ya riga ya bar aikin. Ta biyu, wadda wani mai facin taya yake ja, ta ce arziki da wurinsa yake, wanda aka rubuta zai ci abincinsa a Liverpool ba zai ci shi a Landan ba ko an ɗaura masa buhun a wuya. Mabiya tela sun fi yawa, domin zargi ya fi daɗin furtawa, kuma ya fi shiga da shayi.

Matanin da kowane ɗalibi yake fara haddacewa a wannan makaranta shi ne labarin Muhammad Salah, mutumin Masar. Chelsea ta saye shi daga Basel a watan Janairu na 2014, ya buga mata wasa 13 a gasar Firimiya ya ci ƙwallo 2, aka ba da aronsa ga Fiorentina, daga nan Roma, wadda ta saye shi baki ɗaya a 2016. Da Liverpool ta ɗauko shi a 2017 kuwa, sai ga shi a kakarsa ta farko ya zura ƙwallo 32 a gasar nan dai da aka ce ta fi ƙarfinsa. Daga an sauke wannan sai a ɗora da Kevin De Bruyne, ɗan Beljiyam, wanda wasa 3 kacal ya yi wa Chelsea a Firimiya kafin a sallama shi ga Wolfsburg ta Jamus a wancan Janairun na 2014, shekara ɗaya da rabi bayan haka Manchester City ta biya wajen fam miliyan 55 ta ɗauke shi, ya shafe shekara goma yana rarraba ƙwallo a tsakiyar filinta yadda ya ga dama. Idan tela ya kawo nan a karatunsa, yakan ajiye kofin shayi, ya dafa gwiwa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, irin duban wanda aka cinye masa gadon uba.

Sai dai akwai hashiyar da ba a karantawa a gefen wannan matani, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙungiyar nan da aka ce ba ta san zinariya ba ita ta ɗauki kofin Firimiya a 2015, ta sake ɗauka a 2017, wato a daidai shekarun da ake cewa ta tafka asara. De Bruyne kuma ta sayar da shi ne a kan fiye da ninkin abin da ta saye shi. Wuraren da samarin nan biyu suke nema a fili kuwa akwai su Hazard da Willian da Oscar a tsaye a kai, waɗanda a lokacin, da a ce wani ya ce a zaunar da ɗayansu a benci, da mutanen rumfar nan sun yi masa rotse da kofunan shayi. Abin da ya fi wannan duka, wanda mai faci ya adana a ƙwaƙwalwarsa yake fito da shi duk ranar da aka matsa masa, shi ne cewa bakin da yake kuka a yau shi ne bakin da ya yi umurni jiya. Ranar nan ya ce wa tela, “Haba Yaya, ashe ba kai ne a kan bencin nan kake cewa wannan Balaraben gudu kawai ya iya, a sayar da shi ko a kan kuɗin mota ba?” Tela bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Cewa ya yi, “To, ni tela ne, ɗinki na iya. Su da aka ba amana, suke karɓar albashi, don me za su bi maganata?”

Wannan amsa, in an yi mata adalci, ta cancanci a rubuta ta da ruwan zinariya, domin ta tattara usulin mazhabar gaba ɗaya: mai kallo yana da haƙƙin ya ba da umurni, yana da haƙƙin ya la'anci wanda ya ƙi bi, yana kuma da haƙƙin ya la'anci wanda ya bi, alhali shi kansa babu ranar da za a tsayar da shi a yi masa hisabi.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na koma ga abin da muka tsinta a zaure na hukunce-hukuncen ciniki, ko a samu ƙiyasi. Malamanmu na Malikiyya sun yi dogon bayani a kan mai saye da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikin haja, suka ba shi zaɓin mayarwa. Sun kuma taɓo maganar wanda aka yi wa mummunar ƙwara a farashi. Amma ma'aunin da suke aunawa da shi a nan shi ne ƙimar hajar a ranar da aka ƙulla ciniki, ba abin da ta zama bayan shekara uku a hannun wani ba. Kowane mutumin Getso ya san wannan hukunci a aikace ko bai taɓa buɗe Risala ba. Manomi ne damina ta kawo kai, taki ya gagara, ya jawo ɗan bijiminsa wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ya kai kara. Dillali ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙora, ya murɗa wutsiya, aka taya, ya ce albarka, aka ƙara, ya sallama, aka fitar da la'ada kowa ya kama gabansa. Wanda ya saya ya kai gida ya turke shi a inuwa, ya bi shi da harawa da dusa da ƙaiƙayin wake, ga kanwa a ruwa, ga allurar likitan dabbobi, har tozo ya tashi ya kwanta gefe guda. Ranar da aka dawo da bijimin nan kasuwa yana tafe ƙasa tana amsawa, idan wani ya tari manomin ya ce masa ya yi wauta, tambayar da ta kamata a yi wa mai maganar ita ce: da an bar dabbar a gidan farko, wa zai sayi dusar? Bijimin da aka sayar daban, wanda aka dawo da shi daban. Tsakaninsu akwai buhunan da manomi bai mallaka ba, da inuwar da gidansa ba shi da ita. Haka Salah ɗin da ya sauka Liverpool ya riga ya ci harawar Italiya shekara biyu da rabi, yana buga wasa mako bayan mako.

Hujjar da ta fi ba ni nishaɗi kuwa daga Jamus ta zo. Wolfsburg ɗin nan da ake yaba wa basirarta, wai ta hango a jikin De Bruyne abin da ya ɓoyu ga mutanen Landan, ita ce dai ta ɗauki namu Victor Osimhen, bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015. Ya zauna da ita bai ga raga ko sau ɗaya ba, ta tura shi aro Charleroi ta Beljiyam a 2018, daga bisani ta sallama shi. Daga can sai Lille, daga Lille sai Napoli, inda ya ci ƙwallo 26 a kakar da ta ƙare a 2023, ya taimaka aka kawo mata kofin gasar lig ta Italiya da rabonta da shi tun 1990, aka kuma naɗa shi gwarzon Afirka. Na tambayi tela yadda za a yi gida ɗaya ya zama gidan masu hikima a 2014, ya wayi gari gidan wawaye bayan shekara biyar. Ya ce ai an canja ma'aikata. Na ce to su waye aka canja? Ya ce wannan kuma sai a tambayi Jamusawa.

Ban ce babu inda zargi yake da gurbi ba. Wanda aka gwada a wasa 3 aka ce bai iya ba, a gaskiya an yi masa shari'a da shaida ɗaya, kuma ƙungiyar da ta tara samari fiye da yadda za ta iya ba su fili, don kawai kada wata ta samu, tana da abin da za ta amsa. Iyakar abin da nake cewa, littafin hisabin rumfar nan shafi ɗaya gare shi. Ana rubuta sunan duk wanda aka sayar ya haskaka, amma ɗaruruwan da aka sayar suka dusashe, har aka manta kamanninsu, babu wanda ya taɓa tashi tsaye a bencin nan ya ce Allah ya saka wa shugabanni da alheri da suka rabu da su a kan kari.

Abin mamaki kuma, da zarar maganar ta iso gida, sai fatawa ta juya ta koma kanta a ƙasa. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ya wuce CSKA ta Mosko a 2012, ya jefa wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya maimaita wa Aisilan biyu a 2018. Ban taɓa jin mahaluki a Getso ya ce Masu Gida sun yi sakaci da suka bar shi ya tafi ba. A nan gyaruwar ɗan wasa a waje ta zama lambar yabo ga gidan da ya baro: ai ɗanmu ne, a Ƙofar Mata ya goge, Turawa sun tarar da tuwo a tuƙe ne. Da Leicester ta saye shi a 2016 abin bai yi armashi ba, nan ma laifin bai wuce kan Leicester ba, wai ba su san yadda ake amfani da shi ba. Ashe ƙa'idar ba ta ciniki ba ce tun asali; ta dogara ne a kan wace riga mai fatawa ya sa ya zo kallo.

Wanda ya fi kowa shan wuyar wannan fiƙihu shi ne kocin ƙungiyar unguwa, bawan Allah da ba ya karɓar ko anini, wanda yake tara yara da la'asar a filin makarantar firamare, ya sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya ɗinke ta idan ta fashe, ya bi iyaye gida-gida yana ba da haƙuri. Yaro ya yi shekaru a hannunsa, wata ƙungiya a Gwarzo ko a birni ta yi masa alkawarin takalmi da kuɗin mota, ya tafi, ya samu fili mai laushi da abinci a kan lokaci, ƙafarsa ta buɗe. Ran da labari ya iso gari, mutanen da ba su taɓa ba da gudummawar ruwan leda ba su ne za su taru a ce koci ne ya danne yaron tun farko, ba shi da ido. Idan kuwa ya hana shi tafiya, a ce baƙin ciki yake yi masa.

An dai taɓa yin aiki da fatawar rumfar nan harafi da harafi. Chelsea ta sayar da Romelu Lukaku ga Everton a 2014 a kan fam miliyan 28, ya yi ta cin ƙwallo a can, ya bi ta Manchester United ya sauka Inter, ya ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a 2021, tela yana ta kiran a tuba a dawo da shi tun kafin ƙofa ta rufe. Kamar sun ji shi, a watan Agusta na shekarar suka ƙirga fam miliyan 97 da rabi suka dawo da abinsu. Ya ci ƙwallo 8 a Firimiya, shekara ba ta zagayo ba aka mayar da shi Inter a matsayin aro. Mai faci ya saci jiki ya je har bakin keken ɗinki don ya ji abin da limamin mazhaba zai ce, ya yi sallama, ya ce, “Yaya, ga shi an bi fatawarka.” Tela bai ko ɗago kai daga wuyan rigar da yake kafawa ba, ya ciji zare ya tofar, ya ce, “Mutanen da suka sayar da abu da hannunsu, suka dawo suka saye shi ninki uku da ɗoriya, kai yanzu ka ga alamar hankali a tare da su?”