Wasiƙa Zuwa Ga Kaskon Wuta

Kasko,

 Na san an riga an sallame ka. Tun da Fabrairu ta raba tsakiya, rana ta fara cizo, matan gida suka juye tokarka, suka kife ka a bayan rumbu, aka naɗe barguna. Sai ga iskar gabas ta juyo da hazonta, wanda take kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, asuba ta koma irin ta Janairu, ruwan randa ya gagari mai alwala. Yanzu gida-gida ake cigiyarka a unguwarmu ta Bacirawa. Wannan komen na sanyi shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin a nan ne nake tsoronka, ba a tsakiyar ɗari ba.

A Disamba ba ka rasa abinci. Karan dawa na jibge tun kaka, ga kirare, ga rassan darbejiya da aka sassaro. Kara kuwa wutarsa ta gaggawa ce, ga hayaƙi mai sa hawaye, dole wani ya tashi ya ɗage asabari yana mita. Mitar nan ta tsare rayuka da yawa ba tare da an gode mata ba. Amma kafin Maris ta kama, kara ya tafi danga, ya tafi bakin dabbobi, murhu ya cinye saura. Kuma a ƙasarmu ba a kayar da itace don sanyin dare uku. Kowace ɗorawa, kowane gawo da ke tsakiyar gona yana da mai shi, reshe ake ragewa a bar uwa. Masu binciken Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore, sun fitar da littafi a 1990 kan itacen girki a Kano, suka nuna cewa gonakin da ke kewaye da birni, duk da cunkoson jama'a, ba su rasa bishiyoyinsu ba kamar yadda aka yi ta hasashe. Kakanninmu da ke kora jakuna birni da itace, su dawo da taki a mangala, ba su buƙaci littafi kafin su san haka ba, amma dai ya yi daɗi da aka rubuta.

To, da kara ya ƙare, sai gawayi. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin komai ya tashi, gidajen da suka saba da gas da kananzir suka koma masa, har ya zama ana ƙulla shi a leda a kowane lungu. Shi ake zuba maka yanzu. Ba ya sa tari, ba ya baƙanta bango, ba ya sa amarya ƙorafin labulenta. Saboda haka ba wanda ke tashi ya buɗe ƙofa.

Ɗakin ma ba wanda ka sani ba ne. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan sha rana yini guda, ya riƙa sakin ɗuminta har asuba, garwashi kaɗan ya ishe shi. Ɗakin bulo da kwano kuwa, rana na faɗuwa ya huce, ƙarfe uku na dare kwanon na zubo sanyi a kan mai barci. Sai a ja tagar ƙarfe, a tura tsumma ƙarƙashin ƙofa, a cusa leda a 'yar kafar da magini ya bari a sama, a ƙara maka gawayi, a kwanta. Kai ba ka sauya hali ba, Kasko. Mu ne muka sauya maka ɗaki da abinci, muka ci gaba da yi maka kallon na da.

Abin da ke fita daga cikinka a rufaffen ɗaki likitoci na kiransa kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari. Jini ya fi kama shi sau fiye da 200 a kan iskar da rai ke buƙata, don haka ko kaɗan ne a ɗaki, taruwa yake yi a jiki. Garwashin da ya yi jajir, wanda muke cewa ya nuna, bai daina fitar da shi ba. Farkonsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Gida guda su tashi da haka, sai a ɗora wa tuwon jiya laifi, ko a ce zazzaɓi ne ke yawo, wani ma ya ce iska ce. Iska ce kam, amma ba wadda ake nufi ba. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin alamun nan, kuma jariri da mai ciki da tsoho su yake fara kayarwa. Wanda aka samu a haka, a fitar da shi fili nan take, a nufi asibiti, kada a tsaya jiƙa magani. Ban ma taɓo katifar soso da gidan sauro ba, da yaro mai rarrafe da ke ganin jan garwashi abin wasa ne.

Ba cewa nake a fasa ka ba. Masu cewa a sayi hita su fara kawo wutar da za ta kwana. Tsohon da sanyi ke shiga ƙashinsa yana da haƙƙi a kanka, haka mai jego, haka yaran da ke zagaye ka bayan isha'i suna gasa dankali ana tatsuniya. Abin da nake roƙo sharaɗi ne. A hura ka a tsakar gida. Ka shiga ɗaki da ido biyu a kanka, taga a buɗe, nesa da shimfiɗa. Idan hira ta watse, kai ma ka fita, a rufe ka da yashi a waje, komai magiyar Baba. Shi kuma a cika masa gora da ruwan ɗumi, a naɗe da zane a sa masa a ƙafa, a ƙara masa bargon da aka yi gaggawar naɗewa.

Ka gaida murhu.

Naka,
Wani mai jin ɗumi,
Bacirawa