Jinjinar da Ban Yi Niyya Ba

Duk wanda ya san teburin mai gyaran agogo da ke bakin hanyar Maraɗi, a Tsibirin Gobir, ya san fadarmu. Mu bakwai ne, takwas idan mai shayi ya ga damar sa baki. Son agogo ne ya haɗa mu, kuma a zamanin da kowane yaro ke duba lokaci a waya, wannan kaɗai ya isa a riƙa yi mana kallon masu ɗan taɓi. Da an sallame la'asar muke hallara, kowa ya naɗe hannun riga don kada a ce ba a gani ba, a yi ta musu har rana ta faɗi. Ba a taɓa wayar gari agogunanmu bakwai sun yarda da juna a kan lokacin magariba ba. Ladan dai rana yake kallo, shi ya sa har yau ake salla a kan kari a unguwarmu.

Ranar da tsautsayina ya samo asali, musun gwanaye aka yi: a duk 'yan wasan duniya, wa ya fi?

Alhaji ne ya fara, don shi ne mai Rolex. Ya ce Roger Federer, mutumin Suwizalan, wanda ya ci Wimbledon sau 8, kuma da ya gama wasa sai ya ɗaura Rolex kafin ya ɗaga kofi. Alhaji bai taɓa kallon tanis daga farko har ƙarshe ba, ya ɗauka ma ragar nan ta tsakiya ita ake son a saka wa ƙwallo. Rolex ɗinsa kuwa jika 5 ya saye shi a tasha, kuma idan zufa ta yi yawa yakan bar masa kore a wuyan hannu. Ba ma faɗa masa, saboda shi ke biyan kuɗin sukari.

Mushe, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya da allinsa a aljihu, ya ce kunya ta ishe mu, muna da namu muna yabon na wasu. Ya lissafo Issaka Dabore, ɗan damben da ya kawo wa Nijar tagulla daga Munich a 1972, ya ce daga nan sai da ƙasa ta yi shekara 44 tana jiran wata lambar Olamfik, kafin Abdoul Razak Alfaga ya ɗauko azurfa a takwando a Riyo, 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu da shekara ta zagayo. Ya ce mutumin da ya haura mita 2, ƙafarsa kuma ta kai kan abokin karawa kafin a ƙifta ido, shi ne gwani. Yaron shago, almajirin mai gyara, mai baƙar Casio F-91W ta roba, ya ce shi dai Issaka Issaka, ɗan kokowar Doso, wanda ya cike takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Aka yi masa ca, wai ɗan Gobir guda ya rasa gwani sai a Doso.

Baba mai gyara bai ɗago ba. Madubin nan na ido ɗaya yana maƙale a fuskarsa, yana tsintar wani ƙaramin noti da hantsaki, ya ce, "Ku duka yara ne. Wanda bai ga Kantu ba bai ga kokowa ba." Ya ba mu labarin da muka ji ya fi sau ɗari: yadda aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, yadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama na farko da ya ɗauke shi, da zamanin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram, lokacin da gari kan yi tsit kowa ya kafa kunne a rediyo. Ya ce ba banza aka sa wa filin kokowar Maraɗi sunan Kantu ba.

Da na yi shiru a nan, da yanzu ƙuguna lafiya lau.

Sai na gyara zama, na miƙa hannu tsakiyar fada. Agogona Seiko 5 ne, tsarabar Makka da na gada daga mahaifina, mai nuna ranakun mako da Larabci. Ba ya cin batir, ba a kuma murɗa shi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata a cikinsa da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke ɗaure masa igiyar ƙarfen da ke tafiyar da shi. Motsin mai shi ne abincinsa. Na ce gwanina Usain Bolt, mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, a Balin, ran 16 ga Agusta 2009. Na ce su je su duba hoton da ya ɗauka a gefen allon lokacin, su karanta sunan da ke jikin allon. Seiko! "Gidan da ya auna Bolt," in ji ni, "shi ne a hannuna. Kantu gwani ne, Baba, ban musa ba, amma wa ya auna shi? Gwanintar da ba a auna ba ai labari ce."

Baba ya cire madubin daga ido, ya dube ni, ya mayar. Bai ce uffan ba.

Ashe ƙanen matata, wanda ke noman zogale a fadamar Jiratawa, yana zaune a bencin mai shayi yana ji. Ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama: samarinsu sun shirya kokowar kaka ranar Lahadi, kuma bana so suke su yi ta irin ta takobi, da alƙali da usur da ƙayyadadden lokaci, abin da suka rasa kawai mai riƙe agogo. "Yaya, ai kai ne." Na amsa kafin ya rufe baki.

Tun daren Laraba na fara shiri. Na goge agogon da tsumma mai laushi, na naɗe shi a hankici, na sa a akwati don kada ƙurar hunturu ta dusashe gilashin. Ranar Lahadi na ciro shi, na tarar ya tsaya, na ɗan kaɗa shi sau biyu ya tashi, na saita shi da rediyo, na mayar cikin hankici na jefa aljihu. Na saka babbar rigata ta salla. Na ɗauki yaron shago a bayan babur don ya ga yadda manya ke aiki, muka ratsa Maraɗi muka nufi Jiratawa.

Fili ya cika maƙil. An zuba yashi an kewaye da buhuna, makaɗa sun kama gefe guda, 'yan kokowa na ta zagaye da layu da guraye, wani ana yi masa wanka da ruwan magani daga gora, wani ya tsuguna yana binne abin da ban sani ba a bakin fili. Aka ba ni kujerar roba a gaba, kusa da masu gari, aka miƙo mini faranti da cokali. Ƙa'ida: kowace karawa minti 5 ce, idan ba a yi kaye ba in buga faranti, alƙali ya raba. Na ɗaura agogo, na ɗora hannun hagu bisa gwiwa, na kafe shi kamar an dasa, don kada ko daƙiƙa ɗaya ta kuɓuce mini.

Karawa huɗu na farko ba su buƙace ni ba, kafin minti biyu an yi kaye. Har na fara jin haushi, ga faranti ga cokali ba a ba ni dama ba. Sai aka fito da wasu samari biyu masu kai ɗaya, kamar an auna su a sikeli. Suka sunkuya, suka yi ta ɗaukar yashi suna shafawa a hannu, suka sarƙe. Kai ya haɗu da kai. Wannan ya nemi ƙafa, wancan ya janye. Na duba agogo, minti 3 sun wuce.

Alƙali ya waiwayo. "Malam, saura nawa?"

"Saura biyu."

Suka ci gaba. Suka tura juna gabas, suka dawo yamma. Zufa ta wanke maganin da aka shafa musu. Makaɗi ya sauya hannu. Alƙali ya sake waiwayowa.

Na duba. "Saura biyu."

Ya ɗan yi jim, amma wa zai yi musu da gidan da ya auna Bolt? Wata mai tallan kwaɗon zogale da ke bayana ta sayar da tirenta kaf, ta tafi gida ta sake cikowa ta dawo, samarin nan suna nan a sarƙe. Zuwa lokacin ba kokowa suke ba, jingina suke da juna kamar bukkoki biyu da iska ta kwantar. Ɗayansu ya leƙo ta ƙarƙashin hammatar ɗan'uwansa ya dube ni, irin kallon da akuya ke yi wa mahauci. Wani tsoho ya ce, "Wai minti biyar ɗin Nasara haka taka da tsawo?"

Sai a sannan na lura tsinken daƙiƙa ba ya motsi. Na kai agogon kunne. Shiru kamar maƙabarta. Kwana huɗu yana kwance a akwati, na ba shi kaɗawa biyu, sannan na kafe hannu kusan awa guda. Yunwa ta kashe shi.

Mai hankali a nan faranti zai buga, ya yi kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne in tada agogon tukuna kafin wani ya gane. Na gwada kaɗa hannu a cikin riga, hannun babbar riga ya naɗe ni. Sai na miƙe tsaye, na zaro hannu, na dunƙule shi, na ɗaga sama ina girgizawa da iyakar ƙarfina.

Duk ɗan ƙasar Hausa ya san abin da dunƙulallen hannu a sama yake nufi a filin kokowa. Kuma tsautsayi ya sa inda na fuskanta, nan wani ƙato yake zaune a kan turmi, wanda tun da aka fara ba a sami mai tararsa ba. Wuyansa da cinyata ban san wanda ya fi kauri ba.

Kiɗa ya sauya nan take. Alƙali ya raba samarin nan biyu ba tare da ya jira farantina ba, suka zube a yashi suna godiya ga Allah. Maroƙi ya taso da gudu. "Jama'a, baƙo ya yi jinjina! Mai agogo ya ce a ba shi fili!"

Na ɗaga murya don in yi bayani, ina nuna wuyan hannuna. "A'a, ba haka ba ne! Ya kwanta ne, tada shi nake!"

"Kun ji! Ya ce ƙato ya kwanta, shi zai tada shi!"

Fili ya ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ƙaton ya miƙe a hankali, yana murmushi irin na wanda aka kawo wa fura bai aika ba. Na nemi ƙanen matata da ido, na hango shi yana ta tsalle yana gaya wa mutane mijin yayarsa ne. Maroƙin ya matso ya ƙare wa zanen fuskata kallo, sai ya juya ga taro ya ce wannan ai Bagobiri ne, jinin Bawa Jangwarzo, daga Gobir gidan faɗa, waɗanda ba a taɓa ganin ƙeyarsu ba. To, ka ji inda ya kashe ni. Da bai ambaci Bawa ba, wallahi da na bi ta cikin zogale. Amma a ce a Jiratawa, gaban Katsinawan Maraɗi, Bagobiri ya yi jinjina ya gudu? Da wane ido zan shiga Tsibiri?

Aka tuɓe mini babbar riga. Wani cali-cali, cikin masu ba da dariyar fili, ya ɗauke hulata ya kifa a kansa, ya kama zagaye yana kaɗa hannu sama yana kai shi kunne. Wani bawan Allah ya ɗaura mini guru a damtse, ya ce na kakansa ne, in mayar bayan an gama. Na cusa agogon a aljihun wando.

Na sunkuya kamar yadda na ga ana yi. Na ɗebi yashi na shafa, ban san amfaninsa ba. Ƙaton ya matso ya ce mini a hankali, "Kawu, ka saki jikinka, ba zan ji maka ba." Na buɗe baki in yi godiya. Abin da na sani bayan nan shi ne na ga sararin samaniyar Jiratawa, fes, da shirwa guda tana shawagi, na ga makaɗa a kife, sannan ƙasa ta zo ta same ni ta baya. Gaskiya ya cika alkawari, a hankali ya ajiye ni, kamar mai sauke buhun da ya san akwai ƙwai a ciki. Sai dai ƙugun ɗan shekara hamsin bai san a hankali ba.

Har kyauta na samu. Wani ya liƙa mini dala ashirin a goshi, mai zogale ta ba ni kwaɗo kyauta, ta ce ta daɗe ba ta yi ciniki irin na minti biyar ɗina ba.

Kwana uku ban fita ba. Ran na huɗu na lallaɓa fada da sanda, na tarar labari ya riga ni, har da ƙarin da ban san an yi ba. Na miƙa wa Baba agogon na ce ya duba mini, ya lalace. Ya buɗe bayansa, ya sa madubi, ya saurara.

"Agogon ga ba shi da laifi ko kaɗan," in ji shi. "Tafiya yake kamar sabo. Tun rasuwar mahaifinka bai ƙoshi irin na ran Lahadi ba. Wanda ya girgiza ka ya san aikinsa." Ya rufe, ya miƙo mini. "Ka ce ba a auna Kantu ba. Kai dai an auna ka."

Sai yaron shago ya matso, ya danna maɓallin Casio ɗinsa, ya kanga mini a fuska. Ashe tun da alƙali ya busa usur ya danna, ya kuma tsayar da bayana ya taɓa ƙasa. Daƙiƙa 6.41. Mushe ya ciro alli ya yi lissafi a jikin benci, ya sanar da fada cewa na riga Bolt gamawa da daƙiƙa 3.17, kuma shi Bolt ko magana bai tsaya yi da kowa ba a hanya.

Yau wata biyu ke nan yaron bai goge lambar ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa, har masu zuwa sauya maɗauri. Na ja Baba gefe na tambaye shi, batirin irin wannan Casio yana kai wane lokaci kafin ya mutu.

Ya ce shekara bakwai, in an yi sa'a ya wuce.