Ire-iren Mutanen Kasuwar Fata ta Cikin Waya

Dukanci, wato sana'ar mayar da jemammiyar fata takalmi ko jaka ko alabe ko gafaka, yana cikin sana'o'in da suka fitar da sunan Kano tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, da ya sauka birnin a 1851 ya ƙiyasta takalman da ake fitarwa kowace shekara a kan wuri miliyan 10, ban da jajayen fatun da ake rinawa da karan dafi ana kai su har Tarabulus. A Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), cinikin fata da gaɓoɓi uku yake tafiya: ido ya duba ɗinki, hannu ya murza fata ya ji laushinta, hanci kuma ya nemi warin bagaruwa, wadda da 'ya'yanta majema suke jima. Wayar hannu da ta shigo sana'ar ta ɗauki ido kaɗai, ta bar hannu da hanci a gida, kuma daga wannan giɓi ne ire-iren mutanen da za a bayyana suka tsiro, kowa da dabararsa ta cike shi ko ta cin moriyarsa.

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo a kan titin Gwarzo, inda gine-ginen birni suke cin gonaki a hankali, kuma ta dace da wannan nazari saboda abubuwa uku sun haɗu a cikinta: masu sana'ar hannu da har yanzu damina takan janye su gona, ɗaliban sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ba sa rabuwa da waya, da tashar mota.

Tushen kowa shi ne baduku na gado, wanda ya buɗi ido ya ga basilla da aska da madoshi a gaban mahaifinsa. Lissafin farashinsa gajere ne: kuɗin fata, kuɗin gam da zare da robar ƙasan takalmi, sai ya ɗora abin da zai ishi cefanen ranar, amma kwana ukun da ya yi a duƙe yana huda da ɗinki ba sa shiga lissafi, domin a ganinsa abin da bai saya ba ba shi da kuɗi. Ragowar farashin a jikin mai saye yake karanta shi, daga shaddar rigarsa zuwa takalmin da ya shigo da shi, kuma wannan ilimi ne waya ta rushe. Saboda haka idan saƙo ya shigo, ɗansa mai riƙe masa waya ya karanta, umarnin farko da yakan bayar shi ne a buɗo hoton mai tambayar a ƙara masa girma. Idan an ga mota ko rawani ko wanda ya tsaya a Harami, farashi ya hau. Idan an ga yaro da jakar makaranta, ya sauka. Idan kuwa fure ne ko rubutun addu'a, sai tsohon ya shiga damuwa, domin an hana shi abin da zai yi hukunci da shi. Babban rashinsa shi ne kalmar "albarka", wadda mai sayarwa yake ƙin tayi da ita ba tare da ya rufe ƙofa ba. A kasuwa, idan ya faɗe ta mai saye ya juya, akwai taku huɗu ko biyar da za a iya kiransa a ce ya kawo kuɗin. A WhatsApp kuwa babu ƙeyar da za a kira, sai alamomi biyu masu shuɗi da suke tabbatar da cewa an ji, an kuma tafi.

Kishiyarsa a fagen farashi shi ne mai lissafin dala. Yawanci matashi ne da ya yi karatu, wani ma ya je kwas a Cibiyar Fasahar Fata ta Ƙasa da ke Samaru, Zariya, kuma yana da jadawali a wayarsa da ya ƙunshi har kuɗin data da na cajin waya. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, bakinsa bai huta da ambatonta ba, har ta kai farashin da ya faɗa da hantsi yakan mutu kafin la'asar. Masu saye suna yarda da shi a kan zif da ƙarfen ɗamara da gam, tunda daga waje ake shigo da su, amma sukan tambaye shi yaushe akuyar da aka haifa a Ungogo ta fara mu'amala da dala. A nan adalci yana tilasta a ce yana da gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna sayen fatun awaki da tumaki ne don fitarwa zuwa Italiya da Sifen, don haka fatar akuyar tana bin dala ko da akuyar ba ta bi ba. Fatar shanu kuma tana da wani abokin takara da ya fi kamfani haɗari, wato tukunya, domin ganda, fatar da ake babbakewa a dafa a ci, tana lashe kaso mai yawa na abin da ya kamata ya zama ƙirgi. Kuskurensa ɗaya ne: yana tura wa mai tambayar kuɗin silifa wannan bayani gaba ɗayansa a saƙon murya na minti bakwai.

Na uku shi ne mai hoto, jikan dillali. Dillalin da aka sani a kasuwannin Hausa mutum ne da mai kaya da mai saye duk suka san shi, ya haɗa su, ya karɓi la'ada, wato ɗan kason da aka amince a ba shi bayan an sallama. Mai hoto ya kifar da wannan tsari, domin jarinsa shi ne kada ɓangarorin biyu su taɓa sanin juna. Bai taɓa riƙe basilla ba, amma a ƙarƙashin kowane hoto yana rubuta "aikin hannunmu", kuma idan aka matsa masa zai iya kare kansa da cewa da hannu ya ɗauki hoton. Yakan hau Adaidaita Sahu zuwa Ƙofar Wambai, ya roƙi a ara masa takalmi na minti biyu, ya ɗora shi a kan farin ƙyalle ko a gaban motar da ba tasa ba, ya koma ɗakinsa da kaya na dubban naira alhali aljihunsa ba komai. Hoto ɗaya yakan bi hannu biyar, kowane hannu yana ɗora nasa, har ya zama mai yiwuwa mutum ya yi odar takalmi daga wani a Kaduna, a ɗinka shi a zauren da ke bayan gidansa, ya yi tafiyar kwana biyu kafin ya dawo unguwar da aka haife shi. Duk da haka ba daidai ba ne a kira shi ɗan cin banza, tunda shi yake amsa saƙon ƙarfe ɗayan dare, shi ya san hasken da ke fito da ja da baƙin kuloko, kuma shi yake shan zagi idan baduku ya tafi shuka ya bar aiki a rabi.

Uwargida mai sitatus ba sabuwar halitta ba ce. Matan aure a ƙasar Kano sun daɗe suna kasuwanci daga cikin gida ta hannun yara masu talla, abin da ya sauya kawai shi ne farantin tallar ya koma sitatus, wato hoton da ake liƙawa a WhatsApp ya ɓace bayan awa 24, wanda ba ya wasa a hanya kuma ba ya zubar da canji. Ita ta fi ƙarfi a jaka da takalmi masu launi ɗaya na lefe da na fitar biki. Ƙa'idarta da ba ta karyawa ita ce ba ta rubuta farashi a fili, sai dai a bi ta akwatin saƙo, kuma dalilan suna da zurfi: akwai maƙwabciya mai irin kayan da za ta rage naira 500, akwai dangin miji masu lissafa riba, sannan akwai farashin ƙawa da na 'yar adashi da na matar mai unguwa, waɗanda ba za su zauna a layi ɗaya ba. Kowace mai tambaya "Hajiyata" ce kafin ta biya, "Anti" ce idan ta nemi a jira ƙarshen wata, idan watan ya wuce kuma sai ta wayi gari ta ga wa'azi a kan haƙƙin bashi a sitatus, ba a ambaci suna ba, amma an tabbatar ta gani.

Mai hatimi ba ya buƙatar dogon bayani. Yana ɗinka takalmi mai kyau a Kano, da fatar Kano, sannan ya buga masa tambarin Italiya, domin ya lura mai saye yana biyan ninki idan ya zaci kayan ya ƙetaro teku. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta taɓa rasa sunanta a tarihi, lokacin da ayari yake ƙetare Sahara da ita Turawa suna sayenta a hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Bambancin kawai shi ne a wancan karo ƙwace sunan aka yi, a wannan karo kuwa mai shi ne ya je aka sassaƙa masa ƙarfen da zai goge shi.

Ɓangaren masu saye ya fi yawan jinsi. Mafi yaɗuwa shi ne mai "nawa?", wanda yake rubuta wannan kalma a ƙarƙashin hoton da aka rubuta farashinsa da manyan lambobi, a ba shi amsa, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya dawo bayan wata biyu ya sake tambaya don ya tabbatar da cewa rayuwa ta yi tsada. Sai mai ashana, wanda ya taɓa jin cewa fata ta gaskiya ba ta narkewa a wuta kamar ledar da ake shigowa da ita daga Sin. Maganar gaskiya ce, amma shi ba ya gwadawa a gefen ciki inda ba a gani, a tsakiyar jakar yake kafa wutar, ya gamsu cewa fata ce, sannan ya turo hoton tabon yana neman a canza masa. Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda ya dage sai fata zalla, da ta iso ya yi ƙorafin wari da ɗan tabon ƙaya ko na kaska ko inda wuƙar mai fiɗa ta kauce, alhali waɗannan su ne shaidar cewa dabba ta taɓa yawo a cikinta. Leda ce kaɗai take zuwa sumul ba tarihi.

Mai ƙafar da ba ta da lamba ya cancanci a tsaya a kansa, domin laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. A da, baduku yakan sa mutum ya taka kwali ya zagaye ƙafar da alƙalami, magana ta ƙare. Yanzu sai an faɗi lamba irin ta Turai, 42 ko 43, alhali 43 ɗin baduku kwalin da ya gada ne, wanda gefensa ya cinye da shekaru, 43 ɗin mai saye kuma lambar wani takalmi ce da ya saya a gwanjo bayan wata ƙafar ta riga ta buɗa shi. Idan aka nemi ya auna, wani ya turo hoton ƙafarsa tsirara a kan tabarma ba ma'auni a gefe, wani ya ce ƙafarsa daidai take da ta yayansa, wanda badukun bai taɓa gani ba. Kusa da shi akwai mai jajiberi, wanda yake tuna cewa yana da ƙafa ana saura kwana biyu Sallah, ya kuma fara saƙonsa da "Baba, don girman Allah".

Ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haifar a farkon 2023 ya tura har tsofaffin dukawa buɗe asusu a OPay ko Moniepoint, ya kuma ƙara wa mai alat na bogi kasuwa. Alat shi ne saƙon da banki yake turowa cewa kuɗi sun shiga, na bogi kuma hoton rasit ne da aka gyara, wanda yakan iso tare da gaggawa, mota za ta tashi, a yi sauri a miƙa kaya. Wahalar ita ce akwai mutumin kirki da kuɗinsa suka maƙale a hanya da gaske, kuma kalmomin da shi da ɓarawon suke amfani da su iri ɗaya ne, har rantsuwar. Shi ya sa baduku na gado, wanda a zaure yakan ba da kaya bashi a kan kalmar baki, a waya ba ya sakin ko igiyar takalmi sai ya ji wayar ɗansa ta yi ƙara.

Duk waɗannan hanyoyi a tasha suke ƙarewa, a hannun direba. Ana ba shi ƙunshi a baƙar leda da lambar waya rubuce a jiki, ba rasit, ba sa hannu, ya cusa shi ƙarƙashin kujera ya nufi Gwarzo ko Malumfashi ko Funtuwa, kuma mutanen da suka kwana suna zargin juna a kan naira 1,000 sukan miƙa masa kayan naira 50,000 ba tare da sun san sunansa na yanka ba. Harshensa yana da nasa ma'auni, domin "na kusa" tana iya nufin yana bakin gari, tana iya nufin ana jiran fasinja uku motar ta cika. Idan takalmin ya isa aka tarar ya matse, shi ne zai dawo da shi, shi ne zai sake kai wanda aka canza, kuma kowace tafiya da kuɗinta.