Cinikin Bindigar da Bai Faɗa Ba

Duk wasan motsa jikin da aka ƙirƙiro a duniya, don a wahalar da mai tumbi aka ƙirƙiro shi. Ƙwallo gudu ce, kokawa ɗaga ƙato ce, dambe kuwa sai mutum ya sadaukar da haƙoransa. Shi ya sa duk sanda uwargida ta dubi cikina ta ce, "Malam, ya kamata ka nemi wasan da za ka riƙa yi," sai in ce mata ina kan bincike. Binciken bai zo ƙarshe ba sai a daminar 2024, lokacin gasar Olamfik ta birnin Faris, da hoton wani Baturke mai suna Yusuf Dikec ya cika Facebook. Shekararsa 51, furfura ta gama da kansa. Abokan karawarsa sun ɗaura na'urori a ido, sun toshe kunnuwa da manyan marufai, shi kuwa ga shi nan da tabaransa na kullum, hannun hagu cikin aljihu, ya ɗaga 'yar ƙaramar bindiga da hannu ɗaya, shi da abokiyar wasansa suka tafi gida da lambar azurfa. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai wasan da ake yi a tsaye cik. Ni da nake malamin firamare, tsayuwa ai sana'ata ce.

Na sayi data na duƙufa. Na gano cewa irin bindigar da Baturken ya riƙe ba ta cin albarushi, iska ce ke tura ɗan ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5. Ana tsayawa nesa da takardar bara da mita 10, da'irar tsakiya mai maki goma kuwa faɗinta milimita 11.5 ne, kusan maɓallin riga. Akwai kuma wata mai cin harsashin gaske ƙarami, wanda ake kira .22, da ita ake gasar mita 25. Masana suka ce mai koyo ya dubi abu uku: tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, don gwargwadon tsawonta gwargwadon daidaiton bara; laushin kunama, don mai tauri tana karkatar da hannu daidai lokacin harbi; sai kuma mariƙin da ya zauna a tafin hannu. Na rubuta duka a bayan littafin tsara darasi.

Da na zo kan farashi sai gumi ya karyo mini. Na 'yan gasa, irin su Steyr ta Ostiriya da Pardini ta Italiya, sun haura dala dubu nesa ba kusa ba. Waɗanda Amurkawa ke kira masu araha, su Ruger da Browning, dala ɗaruruwa ne. A lokacin dala ta wuce naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma sabon da aka sa wa hannu naira 70,000 ne. Ni kuwa jarina kaf kwasar adashe ce, naira dubu tamanin. Ina shirin rufe waya sai na ci karo da wasu bindigogin iska na roba, ƙirar Sin, da ba su wuce dala hamsin ba. Na buga lissafi, ya fita cif. A raina na ce magana ta ƙare, tunda a zatona kuɗi ne kaɗai shingen da ke tsakanina da azurfa.

Da safe na isa teburin mai shayi na bakin layinmu a Sabon Garin Sakkwato, inda ake warware matsalolin Najeriya kafin ƙarfe takwas. Na gyara murya na ce, "Jama'a, wa ya san inda ake samun ƙaramar bindiga mai saiti, mai sauƙin kuɗi?"

Mai shayi yana tsakiyar shiƙa shayi, ya tsaya da kofi a sama, ruwan ya zube a ƙasa.

"Mi kac ce, Malam?"

"Ta wasa ce," in ji ni. "Ta nishaɗi."

Ba wanda ya yi dariya. Wani direban Keke ya tuna yana da fasinja. Wani ɗan kasuwa ya tuna bai rufe famfo ba, alhali layinmu ya manta rabonsa da ruwan famfo. Na ƙarshensu ya tashi ya bar biredi da ƙwai biyu da ya riga ya biya.

Zancen duniya ba ya ɓuya, na Sabon Gari kuwa har ƙiba yake yi a hanya. Kafin azahar an ce Malam na neman bindiga. Da la'asar an ce ya samu. Da magariba sun zama biyu, ɗaya a ƙarƙashin katifa, ɗaya a jakar da yake zuwa makaranta da ita. Abin mamaki, sai rayuwata ta fara gyaruwa. Mai gyaran babur da nake bi naira dubu bakwai tun kafin canjin kuɗi na 2023 ya zo har gida, ya durƙusa, ya miƙo su sababbi fil. Mai gidan da nake haya, wanda ya saba buga mini ƙofa tun ranar ashirin da biyar ga wata, ya ɗago mini hannu daga nesa ya ce batun kuɗin haya ba gaggawa, ai duk ɗaya muke. 'Yan ajina kuwa kowa ya yi aikin gida, har da waɗanda ban ba su ba.

Ranar Asabar na nufi Babbar Kasuwa, layin masu kayan wasanni. Na sami shagon wani Inyamuri da ya fi ni iya Sakkwatanci. Saboda abin da ya faru a teburin shayi, sai na rage murya na matso kusa da kunnensa, wanda hakan ya ƙara lalata al'amarin. Ya ja da baya ya dube ni daga hula har takalmi.

"Oga Malam, shekara talatin ina garin ga, ban taɓa kwana bayan kanta ba. Ba kai za ka kai ni ba."

Da ya ga na tsaya ina bayanin milimita, sai ya jawo wata bindigar roba ruwan ganye, irin wadda yara ke fesa ruwa da ita ranar sallah, ya ce ita kaɗai ce mai lasisi a shagonsa, kuma saitinta ba ya kuskure.

Daga nan na ce bari in koma wa na gida. Na hau kabu-kabu zuwa Maƙera Assada, unguwar maƙeran da suka gaji wuta da uwar maƙera kaka da kakanni. Na sami wani dattijo yana dukan ruwan fartanya, na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Bai ko daina duka ba.

"Ɗana, nan kalme muke yi, da lauje, da wuƙar yankan layya. Wanga birni ya san ƙarar bindiga tun ranar da Nasara suka kafa mashin-gan a Giginya, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru. Ba mu ji daɗinta ba can, ba mu jin daɗinta yanzu. In noma kake so, zaɓi kalme. In ba shi ba, ga hanya."

Yaƙin da yake nufi shi ne na ranar 15 ga Maris 1903, wanda ni da kaina nake koya wa 'yan aji shida. Ban taɓa jin an koya mini shi da guduma a hannu ba sai ran nan.

Ina isa gida na tarar da takalman surukata a ƙofar ɗaki, da akwatin uwargida a tsakar gida. Na durƙusa daga nesa na ce, "Inna, barka da zuwa." Ba ta amsa ba. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ɗauko mayafinki. Malamin makaranta na ba ki, ban ba ki ɗan ta'adda ba." Ban gama neman bakin magana ba sai ga yaro da sallama, wai mai unguwa na kirana yanzu-yanzu.

A zauren mai unguwa na sami liman, da maƙwabcinmu tsohon sufeton 'yan sanda mai ritaya, da wasu dattawa. Na zube na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi wasa ne," na miƙa waya. Aka kunna bidiyon Baturken, wayar ta zaga hannu-hannu. Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ce sunan dai na Musulmi ne, amma bai ga dalilin da zai sa dattijo mai furfura ya tafi har Faransa don ya huda takarda ba.

Sufeto ne ya karɓi zancen, da muryar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya ce dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma gida uku ta kasa bindigogi. Na ƙasa su ne na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka ta maharba, lasisinsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na tsakiya su ne na farauta, kuma a nan bindigar iska take, har da 'yar ƙaramar da nake mafarki. Wannan sai da izinin Sufeto Janar. Na sama su ne haramtattu, inda aka jera igwa da mashin-gan da bindigogin soja.

"To, ƙaramar bindiga mai harsashi, wadda kake kira .22, a wane gida kake jin take?"

Na ce tunda ƙarama ce, ai sai na ƙasa.

"Tana sama, kusa da igwa. Lasisinta sai Shugaban Ƙasa. In aka kama ka da ita babu takarda, ɗaurin ba ya gaza shekara goma."

"Wato sai na rubuta wa Shugaban Ƙasa ke nan?"

"Rubuta mana. Ka ce ya ajiye batun man fetur da na dala, ya duba batun tumbinka."

Ya ƙara da cewa ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi saboda makamai sun yi yawa a hannun mutane. "Gwamna guda bai samu yadda yake so ba," in ji shi, "sai kai mai alli?"

Aka yi dariya, ban da wani tsoho a lungun zaure, wanda ya baro ƙauyensu ta wajen Sabon Birni da iyalinsa, yake zaune a gidan ɗan'uwansa a layinmu. Da aka lafa ya ce, "Malam, ba laifinka ba ne. Amma mu can gabas, in aka ji ƙarar wagga aba, ba maki ake ƙirgawa ba, mutane ake ƙirgawa."

A nan na fahimci dalilin da ya sa mutum ya bar ƙwai biyu a teburin shayi. A Turkiyya ko Jamus, inda ake da ƙungiyoyin harbi masu rajista da filaye masu katanga, mutum na iya cewa harbi nishaɗinsa ne a wuce wurin. A Sakkwato ta yau, inda kusan kowane layi ke da baƙon da bindiga ta raba da gonarsa, kunne ba ya karɓar bindiga da wasa a zance ɗaya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sufeto bai bar ni na tashi haka ba. Ya aika aka kawo gorar ruwa mai lita ɗaya, ya ce nauyin bindigar gasa kusan ke nan, kilo guda, kuma ɗan gasa sau 60 yake ɗaga ta cikin minti 75. Ya ce in miƙe hannu da ita in tsaya. Na miƙe da ƙarfin gwiwa. Kafin liman ya gama bare goro, ruwan cikin gorar ya fara rawa, hannuna na bin sa, tumbina na amsawa. Mai unguwa ya yanke hukunci: a mayar mini da matata, in kuma lalle sai na yi bara, in nemi danƙo.

Danƙon naira ɗari biyar na saye shi wajen wani yaro. Na kafa gwangwanin madara a kan bulo cikin kangon bayan gidanmu, na auna taku goma manya, yaran layi suka yi sahu a kan katanga. Na tuna duk abin da na karanta: a daidaita numfashi, a kafe ido, a saki a hankali. Dutsen farko ya tsaya a kan babban yatsana. Da zafin ya lafa na sake ɗaura wani, na ja har kunne, na saki. Gwangwani bai motsa ba. Dutsen ya haye katanga, ya yi sama, sai muka ji tas! a kan rufin mai gida, daidai tsakiyar farantin sola da ya kafa bai fi wata guda ba. Sufeto da ya zo ganin ɓarnar ya ce in da farantin nake bara, da maki goma ne.

Dubu sittin suka tafi a farantin sola. Sauran suka tafi a goro da turmin atamfa na bikon uwargida. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta roƙi aron danƙon, ta kakkaɓe gwangwanin daga kan bulo tun a jifan farko, ta tambaye ni ko in matsar mata da shi baya.

Labarin danƙo ya zaga unguwa da saurin da na bindiga ya zaga. Mai gida ya dawo da buga ƙofa, yanzu tun ranar ashirin ga wata. 'Yan ajina suka koma mantuwa da aikin gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga mai gyaran babur, wannan karon a tsaye, yana sosa ƙeya.

"Malam, ashe danƙo ne? To don Allah ara mini dubu bakwai ɗin nan, zuwa ƙarshen wata."

Na shiga ɗaki na ƙirgo masa. Mutumin da unguwa ta riga ta san iyakar saitinsa ba shi da bakin hana bashi.