Daren da na haska bishiyoyin hanyar Bichi

Motata Corolla ce ƙirar 2005, shigowar Amurka, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai da daddare. Fitilunta sun yi ja sun dushe, har 'yan majalisarmu suka laƙaba mata Aci-balbal. Na jure sunan. Abin da ban jure ba shi ne ranar da wani mai a-daidaita-sahu ya zo daf da tagata ya ce, "Alhaji, kunna wuta mana," alhali a kunne take.

Washegari na nufi wani shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa. Yaron shagon ya zaro ƙwan fitilar, ya ce lambarsa 9006, wat 55 yake ci, irin na kakanni ne mai zaren waya a ciki. Sai ya dire mini kwali biyu. Na farko HID: babu zare, iskar zinon ce a ƙwan, wani ɗan akwati da suke kira balas ke daka mata wutar da ta haura bolt 20,000 kafin ta kama, daga nan wat 35 ya ishe ta, haskenta kuwa ya kusa ninka na da sau uku. Na biyu LED: kama take nan take, ba ta cin batir, amma gindinta na zafi, shi ya sa aka liƙa mata 'yar fanka.

"Wacce ta fi?" na ce.

"Oga, BMW ce ta fara sa HID a 1991, Lexus ta fara sa LED a 2007. Duk na manya ne."

Wannan amsa ta gamsar da ni, don kuwa babba nake son zama. Na ɗauki HID. Ya tambaye ni launi: 4300K fari ne mai sirkin rawaya, 6000K fari tas, 8000K shuɗi. Na ce a ba ni mai lamba babba. Mutum ba ya biyan kuɗinsa ya zaɓi ƙaramar lamba.

Daren ɗaurin auren wani ƙanen matata a Bichi na gwada ta, ana tsakiyar hazo. Na murɗa makunni, sai ta yi wal, ta dushe, ta soma tasowa a hankali. Hajiya ta ce, "Maigida, ita ma sai ta yi miƙa?" Da ta gama miƙar, sai ga duniya ta koma shuɗiya. Na ga rassan darbejiya ganye-ganye. Na ga wayoyin lantarki da jemagun da ke shawagi a kansu. Na karanta allon talla tun daga nesa har lambar wayar da ke ƙasansa. Kwalta ce kaɗai ban gani ba, kuma a kanta nake tafiya. Ƙurar hunturu ta tare shuɗin hasken tana dawo mini da shi cikin ido, ramuka kuwa sai bayan mun faɗa nake gaisawa da su.

Duk motar da ta tunkaro sai ta ƙifta mini, wai in rage. Ni kuwa a dim nake. Don in wanke kaina na kunna ful, wanda har yanzu tsohon ƙwai ne mai rawaya, sai ya zama ƙaramar wutata ta fi babbar tsawa. Wani direban tirela bai karɓi bayanin ba. Ya sakar mini duk fitilun da ya tara a goshin motarsa tun daga Legas, na sauka gefen titi ina salati, Hajiya na taya ni.

Mun shiga gari lafiya. A lungun gidan biki ne wani dattijo a kan babur ya tsaya cak, ya kare fuska da hannun riga, ya soma yi wa mai motar nan nasiha, har da tambayar ko a gidansu babu manya. Na kashe wuta don in ba shi amsa. Surukina ne. Na fito na durƙusa a cikin ƙura.

"Au, kai ne?" ya ce. "Sannu da zuwa. Yanzu ina kake, in gan ka?"

Da muka dawo Kano na koma na sayi LED, tunda dama ita zuciyata ta fi kwantawa da ita. Ta kama nan take, fara sol. Sai dai daga na kunna ta rediyo ya ɗauki shuu, wato in saurari labarai cikin duhu ko in ga hanya cikin jahilci. Fankar kuma ta dinga shaƙar ƙura har ta hagu ta soma gurnani, hasken ɓangaren ya ragu, motar ta koma mai kanne ido ɗaya. Ƙiftawar jama'a dai ba ta ragu ba.

Wani tsohon mai wayarin a unguwarmu na kai wa ƙara. Bai ko kalli kwalin ba. Ya sa na fuskanci katanga bayan magariba, ya nuna mini yadda hasken ya fantsama har saman soro. Ya ce madubin da ke cikin gidan fitilata an ƙera shi ne don ɗan zaren nan na tsohon ƙwai, a daidai inda yake zaune. In tushen hasken ya gusa ko da kaɗan, sai madubin ya watsa shi sama. HID gida mai ƙwayar gilashi take so, wanda ke yanke hasken a layi. LED ɗin kuma an ɗaura ta ƙwayoyinta na kallon sama da ƙasa, maimakon dama da hagu.

"To Baba, wacce zan riƙe?"

Ya shafa robar fitilar da yatsa. Rana ta dafa ta, ta yi rawaya. Ya ɗauko samfefa mai laushi da ruwa ya goge, ya bi da man ƙyalli, ya mai da tsofaffin ƙwayayen da ke aljihun mota, ya murɗa sukurin saiti har hasken ya kwanta a katanga. Kuɗin aikin bai kai na balas ɗaya ba. A daren na ga kwalta, da ramukanta, da yawansu, har na ɗan yi kewar jemagu.

Kwalin LED ɗin na aika wa surukina don neman gafara, da nufin ya sayar. Da sallah muka je gaisuwa, muna shan kwanar lungu wani farin haske ya daki idona, na taka birki, na leƙa ta taga na fara, "Kai malam, a gidanku..."

Hajiya ta danƙe mini hannu. "Baba ne," in ji ta. "Fita ka durƙusa."