Bajamushen Zoza

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa! Na so in bar maganar nan a kan bencin ƙofar kemis ɗinka, to amma tunda duk wanda ya zo sayen maganin ciwon kai, daga Zoza har Fulatan da Zarewa, sai ka sanar da shi cewa ka kai B1 a Jamusanci, ai babu sauran sirri. Bari sauran jama'a ma su ji, ko a samu masu taya ka da addu'a.

Masu karatu kada su zaci B1 ɗaya ce daga ƙwayoyin bitamin da kake sayarwa. Turawa ne suka kasa sanin harshe mataki shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A1 ya iya gaisuwa, ya iya faɗin sunansa da tambayar farashi, shi ne ma ake nema wurin matar da za ta bi mijinta Jamus. Mai C2 kuwa zai iya kafa musu da farfesa. B1 na tsakiya: ka je asibiti ka faɗi inda ke maka ciwo, ka rubuta wa mai gidan haya cewa famfo ya lalace, ka faɗi ra'ayinka ka kawo dalili. Kalmomi wajen 2,400 ake sa ran ka riƙe. Da shi ake neman zama ɗan ƙasa, da shi kuma galibi ake karɓar mai zuwa koyon sana'a. Ba ƙaramin abu ba ne, na yarda. Abin tambaya shi ne, wa ya ba ka? Manhajar cikin wayarka ce ta ce ka kai, ita kuwa manhaja ko ɗan yaye ya danna ta sai ta yi masa tafi. Ofishin jakadanci takarda yake so mai hatimi, takardar kuma sai an zauna jarrabawa.

A duk harsunan duniya ka rasa wanda za ka tunkara sai mai jinsi uku, kai da Hausa mai jinsi biyu kacal ta gagare ka! Tun da ka sauka a garin nan nake bin ka da gyara. Riga mace ce, mota mace ce, ƙofa mace ce, amma kai kullum "rigan", "ƙofan", "motan ya tafi". Rannan da bakinka ka ce akuyan maƙwabcinka ya haihu. Kada ka ce mini ai a Zoza ma ana jin irin wannan. Zaman bakin iyaka ne ya ja mana, ku kuka shafa mana shi garin zuwa cin kasuwa. To ga ka yau gaban der da die da das, kuma ba su tsaya inda ka ajiye su ba, matsayin suna a jimla yana sauyawa su ma suna rikiɗa, der ɗin nan ya koma den, ya koma dem, ya koma des. Da ka karanta mini jerin, na ga mutanen nan suna da hankali a wasu wurare: rana mace, wata namiji, ƙofa mace, duk sun bi Kananci. Da aka zo kan yarinya sai suka ce ita ba mace ba ce, ba namiji ba ce, das ce. Nan na gane wannan babin wani Bazazzagi ne ya rubuta musu.

Dabarar da ka ɓullo da ita ce ta mai da shagon naka abin kallo. Kowane abu ka manna masa guntuwar takarda da sunansa: shuɗiya ga namiji, ja ga mace, koriya ga wanda ba a san inda ya dosa ba. Firji da takarda, ma'aunin hawan jini da takarda, bencin da muke zama da takarda, har butar alwala ba ta tsira ba. Ina zaune wata dattijuwa ta zo karɓar maganin sanyin ƙashi, ta ƙare wa bangon kallo, ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Wane malami ne ya yi masa wannan aikin? Na ga kwanan nan ciniki ya buɗe masa." Na ce mata malamin yana Jamus, kuma ba ya karɓar zakara sai Yuro.

Jarrabawar da kake hari, ta cibiyar Goethe, kashi huɗu ce, kuma kamar da gangan aka tsara ta don a kama mutumin Zazzau. Karatu minti 65, sauraro wajen minti 40, rubutu awa ɗaya, magana kimanin minti 15. Kowane kashi maki 100 ne, sai ka ci 60 a ce ka haye, kuma rarar wani kashi ba ta cike giɓin wani. Kashin karatu ba na jin tsoro a kansa, ku dai an san ku da cin takarda, ko ba komai kun yi maƙwabtaka da jami'ar Samaru tun 1962, ko ƙurarta ce ta bugi mutum ya samu wani abu.

Rubutun ne zai fara tona maka asiri. Aiki uku ne: wasiƙa ga aboki kalma 80, ra'ayinka kan wani batu kalma 80, sai gajeriyar wasiƙar girmamawa ga malami ko shugaban wurin aiki, kalma 40. Arba'in fa, Malam! Kai da in za ka tambaye ni aron famfon keke ta waya sai ka gaishe ni, ka gaishe da iyali, ka tambayi gajiyar shekaranjiya da ta sunan da aka yi bara, ka kawo tarihin famfon, sannan katinka ya ƙare ba ka faɗi abin da ya sa ka kira ba. Bajamushe so yake ka ce ka yi haƙuri ba za ka samu zuwa ba, ga dalili, ga ranar da kake roƙon a sake sa maka, ka sa hannu. Na ga wadda ka gwada rubutawa a bayan kwalin sirinji. Ban iya harshen ba, amma na iya ƙirga, kuma na wuce ɗari ban kai wurin da aka sa aya ba.

Sauraro kuwa, a nan ne nake tausaya maka da gaske. Wani sashen sau biyu ake kunna shi, wani sau ɗaya tak, ya wuce ya wuce, babu "me ka ce?" Sanarwar tashar jirgin ƙasa ce, saƙon murya ne, mai zagayawa da baƙi ne a gidan tarihi, muhawara ce a rediyo. Kuma da yake tare da mutanen Ostiriya da na Suwizalan aka tsara jarrabawar, kada ka yi mamaki in ka ji muryar da ba irin ta Nico ba, yaron nan na darasin tashar DW ta Jamus da kake kallo har cajin wayarka ya mutu. Harshen nasu yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, wani lokaci har da kalmar korewa, ma'ana sai mutum ya dire maganarsa tukuna za ka san biyan bashin zai yi ko hana ka zai yi. Yaushe rabon da ka bar wani ya kai ƙarshen jimla? Lissafinsu ma ta baya yake farawa, ɗaya da ashirin, irin na Larabci. In kuma suka ce rabin takwas, bakwai da rabi suke nufi. Kai da ko a Hausa aka ce maka ɗaurin aure ƙarfe goma, sai an watse kake zuwa neman goro.

Sai magana, wadda kake ganin ita ce gonarka. Ka manta ba wa'azi aka ce ka yi ba. Ku biyu za a shigar, a ba ku abu ɗaya ku tsara tare, kamar zuwa duba abokin karatu a asibiti: yaushe, da wace mota, me za a kai masa. Dole ka kawo shawara, ka ji ta ɗan'uwanka, ka yarda ko ka ƙi da dalili, ku tsaya a kan magana ɗaya. Sannan ka yi jawabin kusan minti uku, shi ma ya yi, ka yi masa tambaya a kan abin da ya faɗa. A kan abin da ya faɗa fa, wato sai ka saurara ke nan. Ka tuna daren da ka zaunar da ni bayan sallar isha'i ka ce in zama abokin gwajinka? Ka koya mini kalma biyu, ta eh da ta a'a, ka ajiye agogo a kan kwalin ruwan gishiri, ka ce mu tsara liyafar ban kwana. Ka zaɓi rana, ka zaɓi wuri, ka raba wa kowa abin da zai kawo, ka yi wa kanka godiya, agogo ya buga. Ko ɗaya daga cikin kalmomina biyu ban samu inda zan saka ba. Da mai jarrabawa na wurin, ni zai ba maki saboda haƙuri.

Bari in yi maka lissafi irin namu, tunda kun ce mu Kanawa ba mu san komai ba sai kuɗi. Alherin wannan jarrabawa shi ne ana iya ɗaukar kashin nan huɗu a rarrabe, wanda ya faɗi ɗaya shi kaɗai zai sake. Amma cibiyar tana Legas. A 2008 ta buɗe ƙaramin ofis a Arewa, a Kano ba a Zariya ba, ka lura, bayan 'yan shekaru aka rufe shi. Saboda haka kowace faɗuwa tana nufin kuɗin rajista, kuɗin motar dare zuwa da dawowa, masauki, da kwanakin da shago zai yi a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun gwaji suna nan kyauta a shafinsu na intanet, ka sauke ka yi su da agogo, ba da hira ba. DW na da labarai da ake karantawa a hankali don masu koyo, ka riƙa ji kullum kana rubuta abin da ka kama. Ka nemi mai koyo irinka ku riƙa magana ta waya, ka kuma ɗaure ka yi shiru rabin lokacin. Wannan shawarar kyauta ce, a cire ta daga kuɗin sharar da ke tsakaninmu.

Ka kuma rage yi mana kallon ƙauyawa don ka iya cewa na gode da Jamusanci. Mu da Jamusawa tsohuwar hulɗa ce. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya sake dawowa a 1854, Zariya kuwa ko leƙa ta bai yi ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi shi Turai a 1855, ya ga Landan da Hambog da Balin ba tare da A1 ba, kuma daga bakinsa J. F. Schön ya kwashi Hausar da ya cika littattafansa da ita. Da ya tashi zaɓen wurin ƙarasa rayuwa, Kano ya zauna har ya rasu a 1912. Imam Umaru, haifaffen Kano, yana zaune a Kete-Krachi lokacin da Jamus ke mulkin Togo, shi ya riƙa rubuta wa Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausawa, Mischlich ɗin da ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Wato Bakano ne malami, Bajamushe ne almajiri. Tun 1963 rediyon Jamus ke magana da Hausa, kuma ban taɓa jin mai karanta labaransu ya ce "ƙasan ya ci zaɓe" ba. Ko nan kusa, madatsar ruwan Challawa da ke ƙasar Karaye, mai tsayin mita 42 da tsawon kusan kilomita takwas, kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, aka yi aiki aka gama babu wanda ya tambayi lebura jinsin shebur.

Abin da ba ka faɗa wa masu sayen magani shi ne, ko ka ci B1 ba ka gama ba. Aikin jinyar da kake so ka yi a can, B2 ake nema kafin a amince da takardunka. Rake aka miƙa maka ta gindi: gaɓoɓin farko zaƙi, kana yin sama ana rage maka, ga shi ka riga ka biya. A can tsohuwa ce za ta kira ka da tsakar dare cikin karin harshen ƙauyensu, ba haƙora a bakinta, kuma dole ka gane ciwo take ji ko ruwa take so, ka rubuta a takarda yadda likita zai karanta da safe.

Zan faɗi wata magana sau ɗaya, kada ka sa ran zan maimaita. Jamus tana neman ma'aikatan jinya saboda tsofaffinta sun yi yawa, matasa sun yi kaɗan. Mu kuma nan yara ne suka yi yawa, masu duba su suka yi kaɗan. Da damina, in zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, hanyar Rogo ta jiƙe, ƙofarka ake bugawa, kuma kana buɗewa, duk da surutun da za ka cika uban yaron da shi. Ban ce kada ka tafi ba, kowa da rabonsa. Amma yaron nan da ka bari yana share maka shago, ka tura shi makarantar koyon aikin lafiya tun yanzu, kada ka bar mana shi da sanin kalar takardu kawai.

In Allah ya sa ka haye, kada ka wahalar da kanka da tsarabar shadda gezna, wannan 'yar Ostiriya ce, kuma a Kantin Kwari ta fi sauƙin samu. Firjin nake so, da bencin, a ɓamɓare musu takardun. Littafin bashin shago kuma ka bar shi a hannuna kafin ka hau mota, akwai wani shafi da nake son in duba ni kaɗai.